Tambaya da Amsa: Wace Amfilifaya Zan Saya wa Hedfon Ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin unguwar Birni ne a Damagaram, kuma sana'ata ɗaukar sautin wa'azi da na bukukuwa, ina gyara shi a kwamfuta. Wani ɗan'uwana ya kawo mini hedfon na hannu daga Kano, Beyerdynamic DT 770 Pro, amma idan na jona shi da wayata sautin ba ya fita da ƙarfi, ko da na murɗa har ƙarshe. An ce mini in sayi amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Jaka 20 nake da ita; wace iri ta dace da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka fitar da ko dala ɗaya, duba gefen hedfon ɗin, domin kamfanin yana rubuta wani adadi da kalmar "ohm" a bayansa. Wannan samfuri yana zuwa da ohm 32, da 80, da 250, kuma daga bayaninka ina kyautata zaton naka mai 250 ne. Adadin yana nuna irin turjiyar da hedfon ke yi wa lantarki. Idan waya ta fitar da volt 1, hedfon mai ohm 32 zai samu ƙarfin lantarki kusan miliwat 31, amma mai 250 ba zai samu fiye da miliwat 4 ba, kuma wayoyi da yawa ba su ma kai volt 1 ɗin ba. Ka ga ke nan hedfon ɗinka ba lalacewa ya yi ba, ƙoshi ne bai samu ba.

Shawarata ita ce ka nemi ƙaramar amfilifaya wadda ake jonawa ta kafar USB-C, wadda girmanta bai wuce ɗan yatsa ba, kuma ka tabbata an rubuta a kwalinta cewa tana fitar da volt 2. Da volt 2 hedfon ɗinka zai samu miliwat 16, ninki huɗu ke nan, wanda ya isa aikin gyaran sauti. Kamfanoni irin su FiiO suna ƙera irinta. Ta Apple tana da araha, dala 9 ta Amurka, sautinta kuma tsaf, sai dai volt 1 take bayarwa, wadda aka yi wa kasuwar Turai ma rabin haka, saboda haka ba ta dace da kai ba.

Na fifita wannan iri ne saboda yanayin garinmu. Amfilifayar tebur tana buƙatar wutar gida, kuma ka san yadda wuta ke ɗaukewa a nan. Mai batir a ciki kuwa, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana saurin kashe batirinta. Ta USB-C daga waya ko kwamfuta take shan wuta, illa dai za ka ga cajin wayarka yana ƙarewa da wuri.

Idan ka je Kasuwar Dole, tafi da hedfon ɗin da wayarka, ka gwada kafin ka biya, domin jabu sun yi yawa. Saka wani wa'azi da ka san sautinsa sosai, ka tsayar da shi, ka saurara ko akwai ƙarar "shhh" a cikin shirun. Idan akwai, ajiye ta.

Kada ka sa ran za ta gyara sautin da WhatsApp ya matse. Ƙara shi kawai za ta yi, da aibinsa. Kunnenka kuma shi ne jarinka: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarfin sauti na desibel 80 na awa 40 a mako shi ne iyakar baligi, saboda haka ka riƙa fara aiki da sauti ƙasa-ƙasa, kana cire hedfon ɗin lokaci-lokaci.