Amsa ga mai tsamin bakin da ta daina magana cikin taro

'Yar'uwa, kin ce saboda tsamin baki kin daina buɗe baki a cikin mutane, kina tambaya ko babba zai iya gyarawa. Zai iya. Nima da shi na tashi, kuma na san zafin a maimaita maganarki ana dariya.

Yawanci harshe ne ke leƙowa tsakanin haƙora wajen furta "s" da "z". Ki tsaya gaban madubi, ki kusanto da haƙoranki, ki ajiye kan harshe a bayansu, sannan ki saki iska siririya ta tsakiya. Ki fara da sautin shi kaɗai, daga baya ki shiga kalmomi kamar "sannu" da "zuciya". Minti 10 kullum ya fi awa guda a mako. In iskar ta gefen harshe take fita, wannan ya fi wuya, ki nemi ƙwararren mai gyaran furuci, a duba miki ji da haƙora ma.

Amma don Allah kada ki jira sai ya gyaru kafin ki yi magana. Winston Churchill, da ya zama Firayim Ministan Birtaniya a 1940, "s" na ba shi wahala, ga shi da jawabai aka san shi.