Ku Tambaya Mu Amsa: Halayen 'Yan Takara a Gasar Barkwanci

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili daga Damagaram a wannan karon sun taru ne a kan shirye-shiryen gasar barkwanci da ake yi a rediyo da talabijin da dandalin gidan matasa, inda akan zaunar da mutum huɗu ko biyar a yi musu kacici-kacici, a ba su rabin karin magana su ƙarasa, a sa su karya harshe, sannan alƙalin gasa ya raba maki. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin domin amsa ta samu wuri.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne a Kasuwar Dole. Akwai wani ɗan takara da duk abin da aka tambaye shi sai ya gyara zama, ya yi dogon bayani, a ƙarshe ya ba da amsar da ba ta kama hanya ba. Ni na ce haka Allah ya yi shi, maƙwabcin shagona kuma ya ce rubuta masa ake yi. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Malam tela, maganarka ta fi kusa da gaskiya, ko da yake maƙwabcinka ma bai yi faɗuwar baƙar tasa ba. Halin da ke sa jama'a dariya mako bayan mako ba abu ne da za a rubuta wa mutum a takarda ya haddace ba, domin wanda ya ari hali yakan manta da shi da zarar an yi masa tambayar da bai zata ba, sai muryarsa ta ainihi ta fito, masu sauraro kuma su gane nan take. Abin da masu shirya gasa suke yi shi ne zaɓe. Sukan nemi mutanen da halayensu ba sa jituwa, su zaunar da su kafaɗa da kafaɗa, sauran aikin kuma halayen ne ke yin sa.

Bari mu dubi irin mutumin da ka ambata da kyau. A ce alƙali ya jefa masa kacici-kacicin da kowane yaro ya sani, “Baba na ɗaka, gemu na waje.” Ba zai amsa nan da nan ba. Zai yi gyaran murya, ya tura hularsa zuwa ƙeya, ya dubi abokan takararsa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tausaya musu, sannan ya ce, “To, wannan magana ce ta manya, ba ta yara ba.” Daga nan zai shiga bayanin yadda dattawa ke zama a zaure, da darajar gemu, da abin da kakansa ya taɓa faɗa masa, har alƙali ya fara duba agogo, sai ya rufe da cewa amsar ita ce bunsuru ya leƙo ta ƙofar garke. Dariyar da za a yi a nan tana da tushe biyu: tabbacin da ya yi magana da shi, da kuma cewa amsar tasa, duk da ba ita ba ce, tana da 'yar hujjarta, tunda bunsuru dai yana da gemu. Wanda ya faɗi shirme tsagwaronsa ba ya samun irin wannan dariya. Sannan sai na kusa da shi, wanda tun farkon shiri bai furta kalma goma ba, ya ce “hayaƙi” ba tare da ya ɗaga kai ba. Sau da yawa wannan dariya ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma mai dogon bayanin ne ya share mata fage.

Inda maƙwabcinka ya yi daidai shi ne cewa mutumin nan ya san abin da yake yi. Irin halin nasa ne tun asali, wataƙila haka yake a majalisa da wurin ɗaurin aure, amma da ya lura jama'a na so sai ya riƙa ƙara masa gishiri. Idan kuma shirin naɗaɗɗe ne, mai tace shi yakan yanke wuraren da ba su yi armashi ba, ya bar gyaran hular da gyaran muryar, har mai kallo ya ɗauka mutumin ba ya yin komai sai su.

Ɗan Damagaram bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin haka Wasan Kara yake tafiya a garin nan. Wanda za a ba matsayin gwamna ko sarki ko wani babban soja akan duba wanda tsayinsa ko tafiyarsa ko muryarsa ta riga ta yi kama da ta mai muƙamin, sannan shi ya zauna ya naƙalci yadda mutumin ke ɗaga hannu da yadda yake jan magana. Haka kuma ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suka yi tashe a zamanin Samariya, wato ƙungiyoyin matasa na ƙasar Nijar, lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, galibi ba haddace rubutu suke yi kalma bayan kalma ba. Sukan amince a kan zaren labari, kowa ya san matsayinsa, maganar kuma ta fito a fage. Wanda ya ga wasannin Yazi Dogo, shahararren ɗan wasan kwaikwayon Nijar, da abokan aikinsa ya san irin daɗin da wannan hanya ke haifarwa, kuma 'yan takarar yau, ko sun sani ko ba su sani ba, a wannan rijiya suke ɗiban ruwa.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce daga Garin Malam. Ɗana mai shekara tara ya kama kwaikwayon wani ɗan takara da ke kwaikwayon Hausar Fulani da ta Barebari. Ran nan ya yi wa mai kawo mana nono, na ji kunya ƙwarai. In hana shi kallon shirin ne?

AMSA: Hajiya, kunyar da kika ji tana kan hanya, kuma ita ce za ta nuna miki abin da za ki koya wa yaron. Hana shi kallo ba zai cire abin da ya riga ya shiga kunnensa ba. Abin da bai gane ba shi ne cewa wasan da yake gani yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idar ta girmi rediyo da talabijin nesa ba kusa ba.

Wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu, kamar wanda ke tsakanin Barebari da Fulani ko tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, abu ne da ƙasar Nijar ke alfahari da shi, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. A gari kamar Damagaram, wanda sarautarsa ke da tsohuwar alaƙa da Barno, Fulani da Buzaye kuma suke shiga kasuwanninsa kullum, wannan wasa yana kashe wutar rigima da yawa tun kafin ta kama. Amma yana da sharuɗɗa. Abokin wasan yana wurin, yana da bakin ramawa, kuma yakan rama har ya fi. Idan kika lura da shirin da aka tsara da hankali, za ki ga duk lokacin da aka zaunar da mai tsokanar Fulani, to akwai Bafillatani ko Bafillatana a kujerar da ke kusa, kuma alƙali ba ya wucewa zuwa wata tambaya sai an ba su damar mayar da martani. Ɗan takarar da ke kwaikwayon harshen mutanen da babu ko ɗayansu a wurin ya fita daga taubasantaka ya shiga izgili, kuma ina ganin laifin mai gabatarwa ne idan ya bar shi ya ci gaba. Haka nan wanda ya mai da in'ina ko gurgunta ko makanta abin dariyarsa, wannan ba shi da wata al'ada da zai fake da ita.

Mai kawo miki nono ta girmi ɗanki, ta zo neman halalinta ne, kuma ba ta buɗe masa ƙofar wasa ba. Ki sa shi ya gaishe ta ya ba ta haƙuri idan ta dawo. Mai yiwuwa ne ita da kanta ta tsokane shi daga baya, ta ce masa bawanta ne, kuma a ranar zai fahimci bambancin wasan da aka gayyace ka da wanda ka kutsa.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou. Me ya sa wanda ya lashe gasar ake manta shi kafin mako ya zagayo, wanda ya zo na ƙarshe kuma shi ake ta maimaita maganarsa a gari?

AMSA: 'Yar'uwa, domin maki da dariya ba ma'auni ɗaya ake auna su da shi ba. Amsa daidai guda ɗaya ce, kowa ya faɗe ta iri ɗaya za ta fito, amma kuskure kowa da irin nasa, kuma a cikin kuskuren ne ake ganin mutum. Ko a kacici-kacicin dare da muka tashi da shi, inda wasan ya fi daɗi shi ne lokacin da aka kasa, aka ce “na ba ka gari,” mai tambaya ya ƙi garin da aka ba shi ya ce bai ishe shi ba sai an ƙara masa wani. Makin yana da amfaninsa, domin shi ke sa 'yan takara su dage da gaske, kuma mai gardama da alƙali a kan rabin maki ba zai ba kowa dariya ba in da bai damu da makin ba. Saboda haka kada ki raina wanda ya ci. Shi ne ya riƙe gasar ta zama gasa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kabu-kabu ne, a fadarmu kowa na cewa ina da ban dariya, har suna matsa mini in shiga gasar. Wane hali zan ɗauka wanda zai sa a riƙa tunawa da ni?

AMSA: Ɗana, kalmar “ɗauka” ita ce abin da nake so ka ajiye tukuna. Tun bayan rasuwar Rabilu Musa Ibro a watan Disamba na 2014, matasa da yawa a Nijar da Nijeriya sun yi ƙoƙarin ɗaukar muryarsa da zare idonsa, kuma abin da mai kallo ke ji idan ya gan su shi ne kewar marigayin, ba sha'awar mai kwaikwayon ba. Abin da ke sa abokanka dariya a wurin shayi yana jikinka tuni, sai dai mai yiwuwa kai ba ka san ko mene ne ba, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

Ga abin da za ka yi. Ka nemi izinin 'yan fadarku ka ajiye waya tana naɗar hirarku ta dare ɗaya, kashegari ka saurara kai kaɗai. Kada ka kula da wuraren da ka ba da labari da niyyar a yi dariya. Ka nemi inda aka fashe da dariya alhali kai da gaske kake magana. Wataƙila yadda kake rantsuwa ne a kan ƙaramin abu, ko yadda kowace magana sai ka mayar da ita lissafin kuɗin mai da nisan hanya, har idan aka tambaye ka tsakanin Damagaram da Mirriya sai ka amsa da yawan litar da za a ƙona. Idan haka ne, ka samu abinka. 'Yan kama sun daɗe da nuna ƙarfin wannan dabara, domin duk karatun malamai ko waƙar da suka ɗauko sai sun karkatar da ita ta koma batun tuwo da miya, jama'a sun san inda za a ƙare amma suna jira su ga ta wace hanya za a bi. Kai ma idan masu sauraro suka san kowace tambaya za ta ƙare a tankin babur, jiran da suke yi shi ne rabin dariyar.

Sai dai ka kiyaye abu biyu da fada ba ta koya maka ba. Na farko, a fada kana da dare guda, a shiri kuwa kana da 'yan daƙiƙoƙi, kuma halin da aka maimaita a kowace amsa yakan gundura kafin a kai rabin shiri. Sau biyu ko uku ya isa, sauran lokacin ka amsa tsakaninka da Allah, ka nemi makinka. Na biyu, ka koyi yin shiru idan abokin takara yana kan ganiyarsa. Sababbin shiga sukan ji tsoron kada a manta da su, sai su riƙa katse kowa, masu sauraro kuma ba sa yafe wa wanda ya ɓata musu dariyar da ta kusa nuna.

Ka tambaya tun da wuri ko shirin na rediyo ne ko na talabijin, domin mai ban dariya da fuska da hannu ba ya da abin da zai sayar a gaban makirfo, dole sai ya mayar da komai cikin murya da tsayawa da jan numfashi. Ka kuma gwada bakinka da karya harshe kafin ranar, irin su “Da kwaɗo da ƙato suka tafi ƙoto, kwaɗo ne zai ƙwace wa ƙato ƙoto ko ƙato ne zai ƙwace wa kwaɗo ƙoto,” kana ƙara sauri a kowane zagaye. Idan harshenka ya sarƙe a fage, kada ka tsaya ba da haƙuri, ka ci gaba da ƙarfinka har ka kai ƙarshen jimlar, domin alƙalai da yawa sukan ba da rabin maki ga wanda ya ƙarasa ko da ya yi tuntuɓe a tsakiya.