Tarihin kamfanin motocin Pagani

Malam, ka tambaya ko Pagani, wadda kanikawan Sabon Gari suke musu a kanta, reshen Lamborghini ce. Ba haka ba ne, kodayake ruɗanin yana da tushe. Horacio Pagani, ɗan ƙasar Ajantina, ya yi wa Lamborghini aiki a Italiya kafin ya kafa nasa kamfanin a 1992 kusa da birnin Modena na ƙasar. Motarsa ta farko, Zonda, ta bayyana a bajekolin motoci na birnin Geneva, ƙasar Suwizalan, a 1999, da injin Mercedes-Benz mai silinda 12, sannan Huayra ta biyo baya a 2011. Da hannu ake harhaɗa kowace mota, shi ya sa da wuya ka ga ɗaya a titin Samaru.