Kajina sun daina ƙwai, zakara ne babu ko me?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. Ina da kaji tara a bayan ɗaki, shida jajaye na gidan gona da na saya a kasuwa wata biyar da suka wuce, uku kuma na gida. Da ina tsintar ƙwai biyar ko shida kullum, yanzu sai in kwana biyu ban ga ko ɗaya ba. Dusa nake ba su da ragowar tuwo da shinkafa. Maƙwabciyata ta ce don ba ni da zakara ne. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. A fara sallamar zakara tukuna, ba shi da laifi. Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu, aikinsa kawai shi ne ƙwan ya zama mai ƙyanƙyasuwa. Gidajen gonar da ke cika kasuwannin Kumasi da kiret-kiret na ƙwai ba sa ajiye zakara a cikin kajinsu.

Inda na fi zargi shi ne kwanon abincin. Dusa da ragowar tuwo suna cika ciki, su riƙe rai, amma ba su isa su haɗa ƙwai ba. Kazar gidan gona tana buƙatar kamar giram 110 zuwa 120 na abinci a rana, wanda kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari nasa furotin ne, sinadarin da ke gina jiki. Wato jajayenki shida sai sun cinye kusan giram 700 kullum na abinci mai kyau. Sannan ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, kuma daga jikinta take fitar da shi. Idan ba ta samu a abinci ba sai ta ranta daga ƙashinta, ƙwan ya fara fitowa da ɓawo sakayau ko ma ba ɓawo, daga nan jiki ya rufe shago. Wannan ne ya sa kajin da suka baro gona da ƙibarsu sukan yi makonni suna ƙwai a gidan mutum, ya ɗauka dusarsa ce ke aiki, alhali guzurin da suka zo da shi suke ci.

Idan da hali, ki sayi abincin kajin ƙwai da aka riga aka haɗa, ragowar tuwo ya zama ƙari kawai. Idan aljihu bai kai ba, ki haɗa tsakin masara da dusa da garin waken suya da aka gasa, da ɗan garin busasshen ƙananan kifi. Don samun kalsiyam, a wani kwano daban ki zuba dakakkiyar katantanwa, wadda ba ta wuyar samu a ƙasar Asante, ko ɓawon ƙwai da kika gasa kika daka. Ki daka shi sosai, kada su gane ƙwai ne su koyi fasa nasu. Masarar da ta yi fumfuna kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa, dafinta yana lalata hanta ya yanke ƙwai.

Sai maganar shekaru, wadda ba lallai ta yi miki daɗi ba. Jajayen kajin da ake kawowa kasuwa da girmansu, galibi waɗanda gona ta gama mora ne. Sukan fara ƙwai suna da mako 18 zuwa 20, su ba da kusan 300 a shekarar farko, kuma mai gona ba ya rabuwa da su sai sun kai wajen shekara ɗaya da rabi, lokacin da ƙwan ya daina biyan kuɗin abinci. Za su ci gaba da yi, amma da ja da baya. Idan kuma kin ga gashi a warwatse cikin akurki, wuyansu ya yi kwalkwal, to sake gashi suke yi. Gashi kusan duk furotin ne, jiki ba ya iya ɗaukar hidima biyu, don haka sai ki ba su wata biyu zuwa uku.

Ga yadda za ki gane wadda ke aiki da wadda ke ci banza. Da dare ki kama su ɗaya-ɗaya, ki laluba ƙasusuwa biyu masu tsini da ke gefen duburarta. Idan yatsu biyu ko uku sun shiga tsakaninsu, zankonta ja ne jawur mai taushi, tana ƙwai ko tana dab da komawa. Idan yatsa ɗaya ne da ƙyar, zanko ya yanƙwane ya koɗe, ta ajiye aiki. Wadda aka gyara wa abinci wata guda, ba gashi take sakewa ba, kuma har yanzu yatsa ɗaya ce, to sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Na gida ukun lissafinsu daban ne. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta tsaya ta yi kwanci kwana 21, sannan idan ƙwan ya ƙyanƙyashe ta yi wajen wata biyu tana yawo da 'yan tsaki. Ba ciwo ba ne, halittarta ke nan. Kuma gwanaye ne wajen ɓoyo, ki duba bayan buhunan gawayi da ƙarƙashin tarin katako kafin ki ce sun daina. Ɓera ma yana da rabonsa a irin gidajenmu na Zango.

Za ki ji ana cewa kaza na son hasken awa 14 zuwa 16. Gaskiya ne, amma wannan ya fi damun mutanen ƙasashen sanyi, inda rana ke gajarta. Mu nan yini kusan awa 12 ne duk shekara, sai dai idan akurkinki duhu ne ƙirin. Abin da ya fi cin mu zafi ne, musamman Fabrairu da Maris a ƙarƙashin rufin kwano. Kaza mai haki ba ta cin abinci. Ki yi musu inuwa, ki ba da abinci da sassafe da yamma, ruwa mai sanyi kuma kada ya yanke ko na rabin yini, don kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Ki ɗaga fiffike ki duba kwarkwata, a kuma ba su maganin tsutsar ciki.

Abu ɗaya ne ba ya jira. Idan tsayawar ƙwan ta zo da koren zawo, ko minshari, ko murɗewar wuya, ko mutuwar farat ɗaya, wannan ya wuce maganar abinci. Yana iya zama ciwon Nukasil mai share kaji lokacin hunturu, ko murar tsuntsaye wadda ta ɓulla a Gana a 2007 da 2015 da 2021. Ki ware marar lafiyar, kada a yanka a ci, kada yara su taɓa mushen, ki sanar da ofishin likitocin dabbobi na gwamnati mafi kusa. Can kuma za ki tambayi rigakafin Nukasil mai suna I-2, wanda ake ɗiga wa kaza a ido duk bayan wata uku zuwa huɗu.