Amsa ga uwar yaron da aka ce hemofiliyarsa mai sauƙi ce

Hajiya, kin tambaya ko akwai buƙatar a riƙa duba gaɓoɓin yaronki tunda ba ya kukan ciwo. Akwai. Kalmar nan "mai sauƙi" ita ta yaudare ni shekara ashirin.

Nawa irin A ne, wato ƙarancin sinadari na 8 da ke daskarar da jini. Mai kashi 5 zuwa 40 cikin ɗari na wannan sinadari a jininsa shi ake cewa nasa mai sauƙi ne. Jini ba ya ɓalle mana haka kawai, sai an bugu. Amma ƙaramar targaɗe a wajen ƙwallo kan sa ya tsiyaya cikin gaɓa ba kumburin kirki, ƙarfen da ke cikinsa ya zauna yana cin guringuntsi a hankali. Idon sawu, gwiwa da gwiwar hannu suka fi shan wahala.

Ni a zaman tahiya na gane. Ƙafar hagu ta ƙi kwanciya, in na tsuguna alwala dunduniyar ba ta taɓa ƙasa. Aka kai ni wajen mai ɗori, ya ja, ya murɗa, na kwana ina ihu. Kar ki bari a yi wa yaronki haka, kuma ba ƙaho, ba tsaga. Da na yi radiyo nan Maradi ba a ga kome ba, don hoton ƙashi sai ɓarna ta yi nisa yake nunawa. Eko, wato hoton irin wanda ake yi wa masu juna biyu, aka yi mini a Yamai, shi ya nuna fatar cikin gaɓar ta yi kauri.

Ko sau ɗaya a shekara likita ya auna lanƙwasar kowace gaɓa, a yi eko in da hali. A gida, sa shi ya tsuguna ki gwada dama da hagu, ki taɓa ki ji ko ɗaya ta fi ɗumi. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya bugu da wace gaɓa. In ɗaya ta zubar da jini sau 3 cikin wata 6, kar ki jira shekara ta zagayo.

In ya bugu: hutu, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15, sai asibiti. Parasetamol kaɗai. Aspirin, ibuprofen da diklofenak ɗin masu tallar magani ƙara zubar suke. Ki tambayi likitansa ko an gwada shi da desmopressin, maganin da ke ƙara yawan sinadari na 8 a jini. Irin A yake wa aiki, ban da ɗayan irin, wato B.