Gishiri a tankin kifi mai tsirrai: a saka ko a bari?

Malam, ka ce kifinka ya yi fararen ɗigo-ɗigo, kana so ka zuba gishiri a tankin da ke da tsirrai. Ni dai ban ba ka shawara ba. Gishiri yana janye ruwa daga jikin tsiro. Na taɓa gwadawa, cikin mako guda ganyen suka yi ruwan ƙasa, suka ruɓe.

Ware marar lafiyar a wani ƙaramin tanki, ka fara da gishiri giram 1 a kowace lita ta ruwa, ka narkar da shi tukuna. Kifaye marasa ɓawo ba sa jure shi sosai.

Kuma gishiri ba ya bin tururi, sai ka canza ruwa yake raguwa, don haka kada ka yi ta ƙari. In kifin ya daina cin abinci, nemi likitan dabbobi.