Amsa: Shin don siyasa Verdi ya tsara "Va, pensiero"?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Giuseppe Verdi, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya tsara waƙar "Va, pensiero" ne don ta zama taken gwagwarmayar haɗa kan Italiya. A'a, ba haka ta faro ba. Wani yanki ce na wasan kwaikwayon waƙe mai suna Nabucco, wanda aka fara nunawa a gidan wasa na La Scala da ke birnin Milan a watan Maris na 1842. A cikin wasan, Yahudawan da aka kwashe bauta zuwa Babila ne ke rera ta a bakin kogi, suna begen ƙasarsu. Baitukan ma Temistocle Solera ne ya rubuta, ya ɗauko tushensu daga Zabura ta 137, Verdi ya sa musu kiɗa. Daga baya ne Italiyawa suka ji kukansu a cikinta, don a lokacin Ostiriya ce ke mulkin Milan. A 1901, da ake kai gawar Verdi makwancinta na ƙarshe, ita jama'a suka rera.

Ni dai ban ji nauyinta ba sai da na san halin da mutumin ke ciki. Tsakanin 1838 da 1840 ya rasa 'ya'yansa biyu da matarsa Margherita, wasansa na biyu kuma ya faɗi warwas tun daren farko. Ka saurare ta inda babu hayaniya, don muryoyin a hankali suke shigowa, kamar raɗa, kusan duka a kan kari guda. A lasifikar waya cikin kasuwa, wannan farkon ɓace maka zai yi.